Ƙwayar Gaggawa: Awa 72 Ba Ta Jiran Mai Kunya

Da zarar an ambaci Postinor-2 a majalisar matasa sai a ga ana sunkuyar da kai, wai maganin 'yan iska ne. Lallai mazinata na sayen ta, kuma ƙwaya ba ta kankare zunubin kowa. To amma yarinyar da 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe a hanyar gona fa? Ko matar da aka yi wa tiyatar haihuwa wata huɗu da suka wuce, likita ya ce wani cikin a yanzu haɗari ne ga ranta? Sau da yawa miji ko yaya ne zai je kemis, don haka wajibi ne ɗan uwa ya san abin da zai sayo.

Wannan ƙwaya ba ta zubar da ciki. Aikinta shi ne jinkirta fitar ƙwan mace. In ciki ya riga ya shiga, ba abin da za ta yi masa. Shi ya sa malamai da dama ke kiyasta hana ɗaukar ciki na ɗan lokaci da azalu, wanda hadisin Jabir ya nuna Sahabbai sun yi, da sharaɗin yardar matar. Ɗura mata a ɓoye kuwa zalunci ne tsantsa.

Ana shan ta ne cikin awa 72, kuma gara yau da gobe, domin ƙarfinta raguwa yake. Ƙwaya biyun da ke cikin kwalin ana iya haɗiye su lokaci guda. In aka yi amai cikin awa biyu, sai a sake sha. In al'ada ta yi jinkirin fiye da mako, a yi gwajin ciki. Mai shan rifampicin na tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya ta nufi likita, don suna rage mata ƙarfi. Akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe da ake sawa cikin kwana biyar, wadda ta fi ƙwayar aiki nesa ba kusa ba.

A kuma guji na tallar kasuwa, domin ko a 2025 hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi kan jabun Postinor-2.

Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa asibiti za a kai ta a ranar, ba a tsaya taron dangi ba, saboda ƙwayar ba ta kare ta daga ƙanjamau, maganin kariyar kuma shi ma cikin awa 72 ake fara shi.