Digirin Sanin Halayyar Ɗan Adam: Wane Ɗan Adam Ake Nufi?

Yaron da ya tashi a Bulpiela ko zangon Tamale, ya ci jarrabawar ƙarshen sakandare, ya samu gurbin karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Legon ko Cape Coast, shekara huɗu zai yi kafin a ba shi digiri. A cikinsu zai haddace cewa Wilhelm Wundt ne ya buɗe ɗakin gwajin farko na wannan fanni a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879. Zai san karen Pavlov da ɓerayen Skinner, da matakan girman yaro na Piaget, da dalar buƙatu ta Maslow. Zai sha wuyar darasin ƙididdiga da dabarun bincike, ya tara makin da aka gindaya, sannan ya yi shekarar bautar ƙasa. Duk wannan zai iya kammala shi da sakamako mai daraja ta ɗaya ba tare da an taɓa zaunar da shi gaban wata tsohuwa mai kukan zuci an ce ya saurare ta da Dagbanci ko Hausa, malaminsa na gefe yana duba yadda ya yi ba. Sharuɗɗan da suka bar wannan giɓi ba su cika ba, kuma mu mutanen arewa mu muka fi kowa kwana a ciki.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba na cikin masu cewa a zubar da ƙididdiga ko ilimin ƙwaƙwalwa domin Turawa ne suka kawo su. Jijiyar Badagombe da ta Bajamushe aikinsu ɗaya, kuma wanda bai iya lissafi ba kowane ɗan damfara zai sayar masa da ƙarya da sunan bincike. Rigimata da littattafan da ake koyarwa da su ce, da mutanen da aka auna aka rubuta su. A 2008 wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya bi manyan mujallun fannin ya ƙirga waɗanda ake gwaji a kansu, ya tarar kashi 96 cikin ɗari daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, alhali ƙasashen ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Amurka kaɗai ta kwashe kashi 68. Su kansu masu abin sun yi ikirari, amma mu har yau muna ɗaukar littafin kamar saukakke.

Ɗauki misali ɗaya daga cikin gida. Uwar Bahaushe ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma sai ta kau da kai idan ya shigo. Mu mun san wannan alkunya ce, mun kuma san daren da ba ta runtsa ba sa'ad da zazzaɓi ya kama shi. To, ɗalibin da aka koya wa auna shaƙuwar uwa da ɗa da ma'aunin da aka ƙera a Baltimore, me zai rubuta a takardarsa idan ya ga haka? Zai rubuta uwa mai sanyin zuciya, ɗa marar gata. Haka batun riƙo. A Dagbon, ba wa gwaggo ko kawu yaro ya rene shi tsohuwar al'ada ce, wadda Christine Oppong ta yi nazarinta a littafinta Growing Up in Dagbon tun 1973. Riƙo yana da alherinsa, yana kuma da zaluncin da akan ɓoye a ƙarƙashinsa, musamman ga 'ya'ya mata da kan ƙare a wahalar aikin gida. Wanda zai bambance wannan da wancan sai ya san al'adar ciki da bai.

Sai harshe. Mai damuwa a unguwarmu ba ya zuwa da sunan cutarsa a baki. Cewa zai yi gabansa na faɗuwa, ko zuciyarsa ta yi baƙi, ko kansa ya ɗauki zafi, ko barci ya ƙaurace masa. Danginsa kuwa su ce iska ce, ko sammu, ko kambun baka. Tsakanin ɓacin rai da baƙin ciki da taɓin hankali akwai tazara mai faɗi, kuma magani yana bin tazarar. Wanda ke fassara kalaman mara lafiya zuwa Turanci a kansa kafin ya fahimce su, rabin maganar ya zube a hanya. Na san jami'ar Legon tana wajabta wa kowane ɗalibi darasin nazarin Afirka, kuma abin yabo ne. Sai dai darasin gama-gari da ake yi tare da masu karanta lissafin kuɗi da kimiyyar ƙasa ba zai koya wa mutum yadda ake tambayar matar da ta yi ɓari uku halin da take ciki ba.

Wani zai ce ai digirin farko share fage ne, ƙwarewar duba marasa lafiya sai a digiri na biyu, kuma majalisar da dokar 2013 ta kafa ita ke ba da lasisin aiki. Haka ne a takarda. A ƙasa kuwa, manyan asibitocin taɓin hankali uku na gwamnatin Gana, wato na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, kimanin kilomita 600 daga Tamale. Masu digirin farkon nan su ake turawa makarantu da ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jin daɗin jama'a, su mutane ke fara gani, ko doka ta kira su ƙwararru ko ba ta kira ba. Marigayi Dakta David Abdulai, wanda ya rasu a 2016, ya shafe shekaru yana aika abinci ga masu taɓin hankali da ke kwana a titunan Tamale daga asibitinsa na Shekhinah. Yawan waɗanda ya ciyar ya isa shaida a kan girman buƙatar.

Kuma hanyar ba baƙuwa ba ce. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro kusa da Abeokuta, inda mara lafiya ke zama a ƙauye tare da ɗan uwansa yana karɓar maganin asibiti, masu maganin gargajiya kuma ana aiki da su maimakon a kore su. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. Malik Badri na Sudan ya yi irin wannan ƙorafi nawa a 1979. Abu Zaid al-Balkhi kuwa ya rarrabe nau'o'in baƙin ciki da waswasi fiye da shekara dubu da ta wuce. Sanin malamai da bokaye ba yarda da duk abin da suke yi ba ne. Rahoton Human Rights Watch na 2012 ya nuna yadda ake ɗaure marasa lafiya da sarƙa a wuraren addu'a a Gana, a shekarar da aka zartar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma wanda zai kwance sarƙar dole ya iya zama da mai makullin su yi magana.

Saboda haka abin da nake nema daga majalisun jami'o'inmu, har da Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale da aka kafa a 1992, wadda ta riga ta saba tura ɗalibanta zama a ƙauyuka a zango na uku, ba shi da tsada. Kada a ba kowa wannan digiri sai ya yi zangon karatu guda cikin jama'a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kuma ya ci jarrabawar baka ta sauraren mai damuwa da harshen ƙasa ɗaya, Dagbanci ne ko Hausa ko Gonjanci ko Twi. Wanda ya faɗi ya maimaita, kamar yadda yake maimaita ƙididdiga.