Zumuncin Kirsimeti a Kaduna: Me ya sa yake wuyar kai wa Janairu?

A duk ranar 25 ga Disamba akwai hotunan da aka saba gani daga Kaduna. Malamai da rawunansu, mata da hijabansu, suna zaune a cocin Fasto Yohanna Buru da ke Sabon Tasha, ana gaisawa ana miƙa kyaututtuka. Fiye da shekara goma ke nan Musulmi na zuwa cocin domin taya Kiristoci murnar Kirsimeti. Shi ma faston ba ya barin bashi a kansa: idan azumi ya zo yakan raba kayan abinci ga mabuƙata, kuma ana ganinsa a tarukan Mauludi.

Hotunan kan zagaya Facebook da WhatsApp na kwana biyu ko uku, wasu su yaba, wasu su kushe. Amma akwai abin da kyamara ba ta ɗauka. Da dama daga cikin baƙin sai sun tsallaka gadar kogin Kaduna kafin su isa gida, domin an daɗe da raba garin biyu: Musulmi sun fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudanci.

Wannan rabuwa ce babban dalilin da ya sa son juna da kyautatawar da ake wa'azi a kansu lokacin Kirsimeti ke yin sanyi da zarar an shiga sabuwar shekara. Ba niyya mutane suka rasa ba. Maƙwabtaka suka rasa.

Kwanon shinkafa

Dattawan Kaduna da Jos da Zariya na tuna lokacin da ba a buƙatar gayyato 'yan jarida domin zumuncin Kirsimeti. Da hantsi za a ga yara ɗauke da kwanukan shinkafa da miya da cincin suna shiga gidajen maƙwabta Musulmi. Idan Babbar Sallah ta zo, kwanukan su koma da naman layya. Magidanta Kiristoci da yawa kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuya ko kaji, don kada wani ya yi ɗari-ɗari da abincin. Har yau ana yin haka a wuraren da ake zaune a cakuɗe.

Kwanon ba shi ne zumuncin ba, shaidarsa ce kawai. Matar da ta aiko da shinkafar ita ce ke ba da aron turmi a watan Maris, ita ke zuwa barka idan an haihu, ita ke fara shigowa idan an yi rasuwa. Kirsimeti rana ɗaya ce a cikin hulɗar da ke gudana duk shekara.

Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ne ya karya wannan tsari a Kaduna. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 aka kashe. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ƙara cin rayuka fiye da 200, sannan tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011 ta biyo baya. Kowane karo, iyalai sun kwashe kayansu zuwa inda suke ganin 'yan uwansu sun fi yawa. An sayar da gidaje a wulaƙance, wasu ma musaya aka yi. Kiristoci suka bar Tudun Wada da Rigasa, Musulmi suka bar Television da Sabon Tasha. Jos ta bi wannan hanya bayan Satumban 2001.

Wanda ya ga an ƙona gidansa ba za a zarge shi don ya nemi inda zai yi barci da ido biyu rufe ba. Sai dai kuɗin da aka biya ya fi na gida. Mutumin da ba ka haɗuwa da shi a bakin famfo ko a shagon mai shayi, labarinsa kawai kake ji, kuma a wannan zamani labarin yakan zo ne ta waya, a bakin wanda ke son tunzura ka.

Takarda da aiki

Kaduna ta gwada gyara ta hanyar sa hannu a takarda. A ranar 22 ga Agustan 2002 shugabannin addinan biyu sun rattaba hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya, a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta. Wannan bai nuna yarjejeniyar banza ce ba, amma ya nuna alkawarin manya a ɗakin taro ba ya isa lungu da kansa.

Mutum biyu da suka yi ɗawainiyar yarjejeniyar sun fi kowa sanin haka. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka kafa cibiyar da yanzu ake kira Interfaith Mediation Centre.

Abin lura a labarinsu shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ko bayan sun fara aiki tare, ya yi shekaru zuciyarsa na raya masa ya ɗauki fansa. Cikin abubuwan da suka sassauta shi har da ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa tana kwance a asibiti. Ba ranar biki ba ce, kuma babu mai ɗaukar hoto. Daga baya su biyun suka shiga tsakani a Yelwan Shendam ta jihar Filato bayan kashe-kashen 2004.

Ranar da aka gwada

Misali mafi ƙarfi ma a watan Yuni ya faru. A ranar 23 ga Yunin 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar, inda Imam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe musu ƙofa. Ya shigar da mata gidansa, ya kai maza masallaci. Rahotanni sun ce mutum 262 ya ɓoye, akasarinsu Kiristoci. Da maharan suka nemi ya fito da su, ya ƙi, ya yi ta roƙonsu har suka tafi. A 2019 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba shi lambar yabo.

An fi ba da labarin jarumtarsa, amma dalilin da ya bayar ya fi dacewa da wannan batu. Ya ce shekaru fiye da 40 kafin ranar, Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Waɗanda suka ba da filin ba su san ranar da 'ya'yansu za su ɓuya a cikinsa ba. Su kuma masu gudun sun san inda za su nufa ne saboda sun san limamin tun ba a ranar ba.

Filato ɗin dai ta nuna ɗaya fuskar. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kai hare-hare a Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutane fiye da 100. Kafin nan akwai bama-baman Jos na jajibirin Kirsimetin 2010, da na cocin St. Theresa a Madalla ranar Kirsimetin 2011. Ga iyalai da yawa a waɗannan wurare, Disamba watan tunawa da mamata ne, kuma yi musu wa'azin yafiya ba tare da an hukunta masu laifi ba tamkar ɗora musu wani kaya ne.

Abin da ya rage

Duk shekara ana tafka muhawara a kafofin sada zumunta kan ko ya halatta Musulmi ya ce wa Kirista barka da Kirsimeti. Malamai sun saɓa a kai, kuma da wuya a warware a Facebook. Amma babu saɓani a kan haƙƙin maƙwabci, ko duba mara lafiya, ko cika mudu. Duk da haka gardamar gaisuwar rana ɗaya ta fi samun masu sauraro a kan abin da aka yi ittifaƙi a kansa na sauran kwana 364.

Su ma 'yan siyasa sun fi son lokacin biki. Rabon shinkafa a Disamba da kuma azumi na da sauƙi, yana kuma shiga labarai. Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 babu mai raina buhun shinkafa, amma buhun kan ƙare kafin ƙarshen wata. Ayyukan da ba sa ƙarewa ba su da farin jini: makarantar gwamnati mai inganci da iyayen ɓangarorin biyu za su yarda su kai 'ya'yansu, rukunin gidaje da ba a tambayar addinin mai haya, da kuɗin aiki ga hukumomin sulhu. Filato ta kafa tata hukumar a 2016, Kaduna a 2017, kuma amfaninsu na ga zuwa da wuri idan shanu sun shiga gona ko jita-jita ta tashi, kafin a kai ga ƙidayar gawa.

Har yanzu akwai wuraren da garin ke haɗuwa. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar Kaduna na tara kowa, haka sakatariyar gwamnati, da asibitin Barau Dikko, da tashoshin mota. Sai dai haɗuwar rana ce. Da yamma motocin haya kan cika, kowa ya nufi ɓangarensa na kogi.

Yaran da aka haifa a Rigasa ko Sabon Tasha bayan rikicin 2000 yanzu sun haura shekara 20. Da yawansu ba su taɓa kai kwanon shinkafa ko na naman Sallah gidan wani mai addini daban ba, domin babu irin wannan gida a layinsu. Su ne ke da katin zaɓe a yau, kuma su ake fara nema idan an so tayar da hankali.