Kafin Bazara Ta Ƙone Kwamfutocin Ofis

Duk wanda ya shiga shagon buga takardu a Tirwun, cikin garin Bauchi, da tsakar ranar watan Afrilu, zai ji fankar kwamfuta tana gurnani kamar injin markaɗe. Ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska, ga bazara da zafin da kan kai digiri 40, alhali yawancin kwamfutocin tebur an ƙera su ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kan tsaya tsakanin digiri 30 zuwa 50 idan tana hutawa, 60 zuwa 80 idan aiki ya yi nauyi. Da ta kusanci 95 zuwa 100, iyakar da AMD da Intel suka gindaya wa mafi yawan nasu, sai ta rage gudu da kanta; abin ya ci tura, ta ɗauke wuta, aikin da ba a adana ba ya salwanta.

Haka abin yake a ofisoshin tarayya, sai dai mai shago yakan kira mai gyara, ofis kuwa ya rubuta takardar neman sabuwa. Wannan almubazzaranci ne da dukiyar jama'a. Kamata ya yi kowane sashe ya ware rana kafin Maris: a hure ƙura, a janye kwamfuta daga jikin bango, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya idan ya bushe, a riƙa duba zafinta da manhajar HWMonitor. Kuɗin wannan duka bai kai na kwamfuta guda ba.