Dokin da ya ci jiya, shi zai ci gobe?

 Yau za mu leƙa Ingila ne, inda duk watan Afrilu ake gudanar da sukuwar Grand National a filin Aintree da ke gefen birnin Liverpool. Tun 1839 ake yin ta. Dawaki suna gudun kusan kilomita 7, suna zagaya filin sau biyu, suna tsallake shinge sau 30. A da dawaki 40 ke shiga, amma daga 2024 an rage su zuwa 34 saboda yawan haɗurra.

Kafin ranar, jaridun can sukan cika shafukansu da hasashe. Ba duba suke yi ba, tarihin gudun kowane doki suke karantawa. A gefen sunan doki za ka ga jerin lambobi da haruffa, misali 31-2F1. Daga hagu ake karantawa, na ƙarshe a dama shi ne gudunsa na baya-bayan nan. Lamba tana nuna matsayin da ya zo, 1 na ɗaya, 2 na biyu, sifili kuma yana nufin bai shiga cikin tara na farko ba. Harafin F na nufin ya faɗi, U ya ka da mahayinsa, P kuma mahayi ne ya ja linzami ya tsayar da shi kafin ƙarshe. Ɗan layin nan na tsakiya shi ke raba kakar bara da ta bana.

Sai dai lambobin kaɗai ba su isa ba. Abu na farko da masana ke tambaya shi ne nisan da dokin ya ci. Wanda ya yi fice a gudun kilomita 3 yana iya sarewa a na 7, kamar yadda gwanin tseren mita 100 a makaranta ba lalle ya kai labari a dogon zango ba. Na biyu yanayin ƙasa. Wani dokin sai an yi ruwa ƙasa ta yi laushi yake sakin jiki, wani kuma busasshiya yake so. Na uku shekaru. Daga 2015 zuwa 2025 duk dawakin da suka ci wannan sukuwa 'yan shekara 7 zuwa 9 ne.

Na huɗu, wanda ya fi rikita sabon mai kallo, shi ne nauyi. A wannan sukuwa dokin da ya fi ƙwazo shi ake ɗora wa kaya mafi nauyi, don a daidaita su. Ke nan nasarar jiya tana iya zame wa doki kaya gobe. A 1973 wani doki mai suna Crisp ya yi wa sauran fintinkau, har 'yan kallo sun fara murna. Amma yana ɗauke da nauyin da ya fi na Red Rum da kusan kilo 10. Dab da layin ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare, Red Rum ya wuce shi. Red Rum ɗin ya sake ci a 1974 da 1977, ya zo na biyu a 1975 da 1976.

Idan aka ce in zaɓa bana, ga ma'aunina. Zan nemi ɗan shekara 8 ko 9, wanda ya taɓa cin gudun kilomita 5 ko fiye, babu F ko U a gudunsa na kwanan nan, kuma ba shi ne aka fi labta wa nauyi ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wani lokaci haka ɗin ne. A 2019 Tiger Roll ya ci wani tsere a Cheltenham a watan Maris, kowa ya ce shi ne, ya kuma zo Aintree ya ci karo na biyu a jere.

To amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Corach Rambler ya ci a 2023. A 2024 ya dawo da kyakkyawan tarihi, mutane da yawa suka sa rai a kansa, sai ya ka da mahayinsa a shingen farko. A 1956 Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth, yana kan gaba, saura 'yan taku ya kai layi, haka kawai ya zube a kan cikinsa. A 1967 kuwa wani doki da ya riga ya yar da mahayinsa ya gitta gaban sauran a shinge na 23, suka yi cincirindo. Foinavon, wanda aka raina, yana can baya, ya samu hanya ya ratsa ya ci.

A nan ne nake son mu tsaya, domin yanzu manhajojin caca sun shigo wayoyinmu, har da tseren dawakin ƙasashen waje a ciki. Suna sa matashi ya ji cewa idan ya iya karanta lambobin nan, kuɗi sun zo. Ku sani, a tseren Ingila gaba ɗaya, dokin da aka fi sa wa rai yana cin kusan tsere ɗaya ne cikin uku. Sau biyu cikin uku ra'ayin mafi yawan jama'a, har da masana, yana shan ƙasa. Kamfanin kuwa ya riga ya tsara lissafinsa yadda ribarsa za ta fita ko wane doki ya ci. Ban da haramcin caca da muka sani a addini, lissafin ma ba ya bayan ɗalibin da ya zuba kuɗin rajista ko na abincinsa na wata.

Karanta tarihin doki darasi ne mai kyau na auna hujja kafin yanke hukunci, kuma ba ya buƙatar ko sisi. Ga aikin da na ba ku. Idan jerin dawakin bana ya fito, kowa ya zaɓi uku, ya rubuta su a littafi tare da dalilinsa. Bayan an yi sukuwa ku haɗu da abokai ku duba dalilin wa ya tsaya, na wa ya rushe. Wanda ya ci ya sha tafi, wanda ya faɗi kuma kuɗinsa na nan a aljihu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.