Tsaron Asibiti Ba a Kanti Ake Sayensa Ba

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, amma abin takaici gidan maganin kansa ya rasa rigakafi. Duk wanda ya san asibitocin gwamnati a ƙasar nan ya san shiga yawancinsu ya fi shiga kasuwar ƙauye sauƙi. Da mai talla, da ɗan acaɓa, da ɓarawon waya, kowa na iya ratsawa har bakin gadon mai jego ba tare da an ce masa daga ina ba.

Sakamakon wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuli na 2021 'yan bindiga sun afka wa Cibiyar Tarin Fuka da Kuturta da ke Saye kusa da Zariya, suka kwashe ma'aikata da ƙananan yara. A watan Disamba na 2023 aka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna, ta shafe wata 10 a hannun miyagu, har sai da likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aikin gargaɗi na kwana 7 a watan Agusta na 2024. Harin ƙunar baƙin waken Gwoza na 29 ga Yuni, 2024 kuwa bai ƙyale babban asibitin garin ba.

To, da zarar irin wannan ta faru, sai ka ji mahukunta sun ɗauko waƙar "zamanantar da tsaro". Ma'anar wannan a wurinsu ita ce kwangila: a kafa kyamarori, a sayo ƙofofi masu buɗewa da kati, a kira 'yan jarida a yanka kyalle. Da waɗannan mutane nake jayayya, domin sun ɗora gini a kan toka. Kyamara da ƙofar kati duk bayin lantarki ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda ya fi kowane asibitin koyarwa daɗewa a Nijeriya, ya yi fiye da kwana 100 ba wutar kamfani daga ƙarshen Oktoba na 2024 saboda bashi. Idan ruwa ya ci babban gida haka, ina ga asibitin ƙaramar hukuma? Ƙofar da ta dogara da wuta, ranar da wuta ta ɗauke, ko dai ta saki kowa ya wuce, ko ta kulle likita a waje majinyaci na shure-shure a ciki.

Ko da wutar ta tsaya, kyamara shaida ce kurum, ba ta da hannun kama ɓarawo. A watan Agusta na 2024 aka yi wa wata likita fyaɗe aka kashe ta a wani asibitin koyarwa na birnin Kolkata a Indiya, a ɗakin taron da ta shiga don ta ɗan runtsa bayan dogon aiki. Hoton kyamara ya taimaka wajen kama mutumin, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Janairun 2025. Amma da tana da ɗakin hutawa mai sakata, da maigadi mai ido a kan barandar, watakila da tana raye. Daɗin daɗawa, mutumin ɗan sa kai ne mai taimaka wa 'yan sanda, wato irin fuskar da ba a tsayarwa a ƙofa. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma wasu 'yan'uwanmu masu cewa asibiti gidan jinƙai ne, dubiya kuma haƙƙi ce, don haka a bar ƙofa a wangale. Ba na musun darajar dubiya. Na kuma san a asibitocinmu dangi ne ke sayo magani, su kawo abinci, su ɗebo ruwa. Wanda ya kore su ya kori rabin ma'aikatan jinya. Sai dai mutum 20 a kan gado ɗaya cunkoso ne, kuma a cikin cunkoso mai satar jariri ke sajewa. Zumunci ba ya raguwa don an ƙayyade masa lokaci.

Abin da ake bukata a fili yake. A fara da katanga da hasken rana a kowane lungu. A ɗauki masu gadi horarru, a biya su a kan kari, domin maigadin da ke bin albashin wata uku ɗari biyar ta isa ta buɗe masa ƙofa. A ba kowane majinyaci katin mai jinya ɗaya ko biyu, a tsayar da lokacin dubiya a kan kowa, har da mai rawani da mai jiniya. A ɗaura wa uwa da jaririnta alama iri ɗaya, a tsare ɗakin haihuwa da ma'ajiyar magani da gidajen ma'aikata. Ƙofar gaggawa kuwa kada a sake a toshe ta: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai neman taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta a duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Bayan an yi waɗannan, sai a kawo kyamara, a zaunar da mai kallonta dare da rana.

Masu cewa babu kuɗi su tuna a Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Likitan da ba ya iya kwana a asibiti da kwanciyar rai, gobe sai a ji shi a Ingila ko Saudiyya, mu kuwa a bar mu da kyamara tana kallon gadajenmu. Allah Ya ganar da shugabanninmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi.