Wa Ya Rubuta Littafin Malam?

A watan jiya wasu daga cikinmu muka nufi Maraɗi ziyarar 'yan uwa marubuta, sai jiran takardu ya tsare mu a bakin iyakar Jibiya, tun hantsi har la'asar. Muna zaune a rumfar mai shayi wani ɗalibi ya kunna mana wasan barkwanci na Amurka a wayarsa, yana yi yana fassara mana. Sunan wasan The Big Bang Theory, wanda tashar CBS ta nuna daga 2007 zuwa 2019. Kashin da muka kalla na 2008 ne. Kowa ya dara, har direbanmu. Amma da muka koma mota sai jikinmu ya yi sanyi, domin gidanmu muka gani a ciki.

Ga yadda labarin yake. Sheldon Cooper masanin kimiyyar fiziks ne, ga ilimi ga girman kai, ba ya ganin kowa da gashi. Ya je yi wa ɗaliban babban digiri lacca, ya wanke su tas. Duk suka tsane shi sai ɗaya, Ramona Nowitzki, wadda wulaƙancin ma ya burge ta. Ta liƙe masa. Ita ke kawo abinci, ita ke korar abokai, ita ke hana shi wasanninsa don ya zauna ya yi aiki. Da ya cimma abin da yake nema, da bakinsa ya ce ba don ita ba da bai kai ba, ya tambaye ta me zai yi mata. Ta ce a haɗa sunanta da nasa a kan binciken. Nan take ya nuna mata ƙofa. Ba a jima ba wata ɗalibar ta zo da irin tayin, ya karɓa.

To, jama'a, wane ne bai san wannan mutumin ba a cikinmu? Marubuci ya fitar da littafi uku, an fara kiransa Malam, sai yara su kewaye shi. Wannan ta kwafe masa rubutu daga littafin makaranta zuwa kwamfuta, wancan ya gyara masa ƙa'idar rubutu, ya raba masa kalmomin da ya haɗe. Wata ma babi uku na ƙarshe ita ta rubuta, don Malam ya rasa yadda zai kashe labarin. Littafi ya fito, ka buɗe shafin godiya, ka tarar da sunan alhajin da zai zo ƙaddamarwa da sarautarsa cikakkiya. Yarinyar da ta kwana uku tana gyara kuwa ta shige cikin "da sauran waɗanda wuri bai ba ni damar ambata ba". Wurin ne ya ƙare, ko kunyar a san an taimake ka?

Za a ce ai Ramona ta wuce gona da iri, tunda ba ita ta yi babban aikin ba. Mun yarda. Mai kawo tuwo ba marubuci ba ne, kuma wannan bautar da wasu ƙannenmu ke yi wa manya, suna ɗaukar jaka suna shanye zagi, ba ita ke koyar da rubutu ba. Amma namu ya fi na wasan muni, domin a nan wanda ya sa alƙalaminsa a cikin aikin ne ake kora.

Abin kuma tsohon ciwo ne. A 1967 Jocelyn Bell tana ɗaliba a Jami'ar Kambirij ta gano taurarin nan masu aiko da sigina a kai a kai kamar bugun zuciya. A 1974 kyautar Nobel ta tafi ga malaminta Antony Hewish da Martin Ryle, ba ta ciki. Da aka ba ta wata kyautar ta dala miliyan 3 a 2018, sai ta sadaukar da kuɗin duka don ɗaukar nauyin ɗaliban fiziks. A gidanmu kuwa muna da misalin da ya kamata ya kunyata mu. Jiki Magayi, ɗaya daga littattafan farko da suka biyo bayan gasar 1933 a Zariya, sunaye biyu ne a kansa: John Tafida da Rupert East. Zamanin mulkin mallaka ke nan, amma bango ya ɗauki mutum biyu bai tsage ba.

Saboda haka muna neman ƙungiya ta sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa. Duk littafin da zai ɗauki tambarinmu, a rubuta sunan wanda ya tace shi da wanda ya buga shi a shafin haƙƙin mallaka. Wanda ya rubuta babi ko ɗaya ne, sunansa ya hau bango. Kuma sakatare ya buɗe rajistar ƙorafi, a bar yaran su yi magana ba tare da Malam yana zaune a kan babban tebur yana kallonsu ba.