Jakar sifana kafin lambar waya

A hanyar Kano zuwa Zariya, in motarka ta mutu, kafin ka gama salati wani ya tsaya: "Malam, lafiya?" Ga falkanaiza a gindin bishiya, ga yaron bakanike a kan babur. A Sedgefield, unguwar masu hali a gefen birnin Greensboro na Amurka inda nake kai wa mutane kaya, babu wannan gatan. Gidaje tsit, kewaye da filin golf ɗin da ake gasar Wyndham tun 2008, kowa ya wuce ka da gilashi a rufe.

Nan motata ta ƙi tashi wata safiyar hunturu. Na jira motar ja har yatsuna suka daskare, na biya kuɗin da ya ishe ni cefanen mako. Ashe kan batir ne ya saki, farin gari ya cinye shi. Sifana lamba 10 ce maganinsa, aikin minti biyu.

Shi ya sa nake ce wa 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da suka cika garin nan su daina dogara da waya kaɗai. Sai dai ban yarda da akwatin nan mai kayan gyara ɗari biyu da ake jibgewa a kanti ba. Rabinsa ba ka san aikinsa ba, kuma ƙararsa a but ta hana ka jin karatu.

Tawa jakar, ƙafar tsohon wandon jins ce. Na farke ta, na naɗe gindin, na ɗinka aljihu-aljihu, kowane ƙarfe da ɗakinsa. Tana naɗuwa kamar tabarma, a ɗaure da igiyar takalmi. Baduku a Kasuwar Kurmi zai yi dariyar ɗinkin, amma aljihun da ya zama wofi shi ke gaya mini na bar fulaya a ƙasa. A ciki akwai sifana lamba 8, 10, 12 da 14, waɗanda yawancin notin Toyota da Honda ke ci, sai fulaya, sukudireba biyu, fis na safaya, salatif, tocila, safar hannu da gejin iska. Wayar jona batir da jak suna gefe. Shi gejin, taya safaya nake fara aunawa da shi, don ita ce aka fi mantawa har ta sace.

Wani zai ce motocin zamani kwamfuta ce, me sifana za ta yi? Gaskiya ne, ba za ta gyara giya ba. Batir, fis da taya kuwa har yanzu hannu suke so.

Wuri ɗaya ne ba na buɗe jakar: kafaɗar babban titin I-85, inda tireloli ke wucewa kamar iska. Can sai in kunna fitilar haɗari, in fita ta ɓangaren fasinja, in buga *47 ga 'yan sandan hanya, in koma bayan shingen ƙarfe in jira.